MUDU DA BASHI DA AMANA: NASIHA GA MASU CINIKIN KAKA A ƘASAR RANO DA KIBIYA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa Ya raya ƙasa, Ya yalwata wa bayinSa ƙofofin halal. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci zuwa Sham tun kafin a aiko shi, har mutanen Makka suka san shi da riƙon amana, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan cinikin kaka ce, watau saye da sayarwar amfanin gona tun daga lokacin da shuka ta ke tsaye har ya zuwa ranar da hatsi zai fita daga rumbu ko sito. Mun ɗauki ƙasar Rano da Kibiya, a kudancin Jihar Kano, don ta zama abin misali, domin a can a ke ganin mutum uku sun haɗu a kan buhu guda: manomin da ya noma shi, da ɗan kasuwar da ya ba da kuɗi, da ma'aikacin gwamnati da ya tara ɗan abin da ya rage na albashinsa ya zo saye don ya ajiye. Kowanne daga cikinsu yana neman halaliyarsa, amma kuwa akwai ramuka a kan hanyar, waɗanda da yawa daga cikinmu su ke faɗawa ba tare da sun sani ba.

ƘASAR AUTAN BAWO

Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma har yau a na yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. A cikin labarin da magabata suka bari na rabon ayyuka tsakanin ƙasashen nan bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, saboda saƙa da rini. Ke nan neman na kai ba baƙon abu ne ba a wannan yanki. A maƙwabciyarta Bebeji aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a 1877, wanda ya fara da fataucin goro daga ƙasar Gwanja, sa'an nan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya shiga cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955. Cinikin goro da na gyaɗa a wancan zamani duka a kan amana su ke tafiya: maigida ya danƙa wa yaransa kuɗi su shiga ƙauyuka, ba banki ba waya, su komo da kaya da lissafi.

Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, sai noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, shinkafa da alkama da tumatir suka shigo cikin lissafin mutane. A Rurum da Lausu da Saji, da Tarai da Durba da Fammar, dawa da masara da gyaɗa su ne ƙashin bayan gida. Motoci suna ɗibar hatsin nan zuwa birni, har kasuwar Dawanau, daga can ya wuce wasu jihohi da ƙasashen maƙwabta. Dukiya ta ƙaru, cinikayya ta yawaita, amma tambayar da ta kamace mu ita ce, shin ilmin hukuncin ciniki ya ƙaru gwargwadon yadda cinikin ya ƙaru?

Malamai sun haɗu a kan cewa bai halatta ga baligi ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. Mu kan aika 'ya'yanmu su koyi babin tsarki da na salla a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, amma kaɗan ne su ke daurewa har su kai babin ciniki, alhali kuwa mutum ya kan yi salla sau biyar a yini, ya yi ciniki sau hamsin.

MUDU

Farkon abin da za a duba shi ne ma'auni. Allah Ya saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifina, da sunan masu tauye awo, Ya siffanta su da cewa suna cikawa idan su ne masu karɓa, suna ragewa idan su ne masu bayarwa. Mutanen Madyana kuwa, waɗanda aka aiko wa Annabi Shu'aibu, tauye mudu yana cikin manyan laifuffukan da aka halaka su a kai.

Kowa ya san yadda wannan ciwo ya ke a kasuwanninmu. Mai awo ya kan riƙe kwano biyu, babba na saye daga hannun matan ƙauye da ƙananan manoma, da wanda aka bubbuge gindinsa na sayarwa. Wani kuma kwanonsa ɗaya ne, amma hannunsa biyu ne: in zai saya ya yi tozo ya tare da damtse, in zai sayar ya share baki. Haka nan buhu, a na kiransa buhu ko da tiya biyu ta fita daga cikinsa. Akwai kuma algus: a zuba tsohuwar dawa mai ƙwari a ƙasa a rufe da sabuwa, ko a yayyafa wa shanshera ruwa don ta yi nauyi, ko a jera manyan tumatir a bakin kwando. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ciki, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba inda mutane za su gani, kuma ya nesanta mai ha'inci daga kansa.

Maganin wannan ba wuya gare shi ba. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan awo su tsai da kwano guda wanda hukuma ta sa wa hatimi, a saya da shi a sayar da shi. Wanda ya riƙe kwano ɗaya zai ga ribarsa ta ragu a makon farko, amma kafin kaka ta zagayo mata za su riƙa wuce rumfuna goma suna neman tasa.

BASHIN KAKA

A nan ne babbar matsala ta ke, don haka za mu ɗan daɗe a kanta. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sa'ad da damina ta yi tsakiya, wajen watan Yuli da Agusta, rumbun talaka ya kan ƙare, ga noma bai ƙare ba, ga kuɗin taki, ga zazzaɓin yara. Sai ya tafi wurin mai hali. Abin da ke gudana tsakaninsu iri uku ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Iri na farko: a ba shi buhun masara ɗaya a kan zai biya biyu, ko ɗaya da rabi, da kaka. Wannan riba ce tsantsa, haramun ce ga mai bayarwa da mai karɓa. Ya kamata mu lura da wani abu a harshenmu. Kalmar "riba" da mu ke faɗa a kasuwa, watau abin da ya hau kan uwar kuɗi, daga "ribhu" ta Larabci ta ke, kuma halal ce. Wadda Alƙur'ani ya haramta kuwa ita ce ƙarin da a ke sharɗantawa a kan rance, wadda mu ke kira kuɗin ruwa. Kamancin sunan ya sa waɗansu suna ruɗin kansu. Rance dai a na mai da shi ne daidai da yadda aka karɓa, buhu da buhu. Haka kuma ba ya halatta a ba da masara yau a kan a karɓi shinkafa da kaka da sunan musaya, domin abinci da abinci sai hannu da hannu.

Iri na biyu: a ba shi kuɗi a kan zai kawo hatsi da kaka. Wannan shi ne malamai su ke kira salam, kuma Manzon Allah ya tarar mutanen Madina suna yin sa a kan dabino, ya bar su a kai, amma ya gindaya sharaɗi. A mazhabar Imamu Malik sharuɗɗan su ne: a biya kuɗin duka a wurin ƙulla ciniki, in an jinkirta kada ya wuce kwana 3, a ambaci irin hatsin da kyawunsa, a ambaci ma'auni, buhu mai tiya nawa, da wane kwano, a yanke lokaci, wanda bai gaza kwana 15 ba, kuma ya halatta a ce "lokacin girbi" tun da sananne ne, sa'an nan kada a ɗaure cinikin a kan amfanin wata gona guda, domin tana iya ƙin yi. In aka cika waɗannan, ciniki ya inganta. Haka nan wanda ya ba da buhun taki a kan buhun hatsi sananne da kaka, tun da taki ba abinci ne ba, hukuncinsa ke nan.

Amma fa ingancin ciniki daban, albarkarsa daban. Mu ƙaddara mai kuɗi ya san buhu ba zai gaza Naira 40,000 da kaka ba, sai ya ga manomi ya zo da ɗa a kwance, ya ce ba zai ba shi fiye da 15,000 ba. Alƙali ba zai warware wannan ciniki ba, amma mai kuɗin ya ci da wuyan ɗan'uwansa, kuma malamai sun ƙi cinikin da a ke matse mabuƙaci a cikinsa. Mai salam yana da haƙƙin samun rangwame saboda ya ba da kuɗinsa da wuri ya jira, sai dai rangwamen ya zama irin wanda ba zai ji kunyar faɗarsa a gaban jama'ar masallaci ba.

Iri na uku shi ne wanda ya fi cin gonakin mutane. Kaka ta zo, damina ba ta yi kyau ba, manomi ya kasa kawo buhu biyun da a ke bin sa. Sai mai kuɗi ya ce, "Ba kome, na bar maka sai baɗi, amma sun zama uku." Wannan ita ce ainihin ribar jahiliyya wadda Musulunci ya zo ya rushe. Ko kuma ya ce, "Buhu yau kaza ne a kasuwa, na mai da su kuɗi, ka biya ni." Wannan ma bai halatta ba, domin ya sayar da abincin da bai riga ya karɓa a hannunsa ba. Abin da shari'a ta ba shi biyu ne: ko ya jira hatsinsa ba ƙari, ko su warware cinikin ya karɓi uwar kuɗinsa kamar yadda ya bayar. A ƙarshen Suratul Baƙara Allah Ya yi umurni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, Ya kuma nuna yafewa ta fi alheri.

A cikin wannan sura ce kuma aya ta 282 ta ke, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu kan ji nauyin cewa "a rubuta", wai kada a ce ba mu yarda da juna ba. To, ku je kotunan shari'a ku ga yawan zumuncin da ya tsinke saboda bashin baka, musamman bayan ɗaya daga cikin masu cinikin ya rasu, magada suka tashi. Takarda guda da shaidu biyu sun fi rantsuwa goma. A zamanin nan da a ke tura kuɗi ta waya, saƙon banki yana nuna an ba da kuɗi, amma ba ya nuna a kan me aka bayar. A rubuta sharaɗin.

AJIYAR HATSI

Da yawa daga cikin 'yan kasuwa da ma'aikata su kan tambaya, shin sayen hatsi da kaka a ajiye sai ya yi tsada haramun ne? Amsar tana da rarrabewa. Ajiya a kan kanta ba laifi ba ce. Da ajiya ne Annabi Yusufu ya tsirar da Masar daga yunwar shekara bakwai. Manomin da ya ajiye abin da ya noma, da magidancin da ya sayi abincin shekara na iyalinsa a lokacin yalwa, ba abin zargi a kansu. Wanda ya saya da kaka sa'ad da kasuwa ta cika ta batse, sayensa ma yana taimakon manomi don kada farashi ya faɗi ƙasa warwas. Ma'aunin da malaman Malikiyya suka sa shi ne cutarwa: duk sayen da zai ƙuntata wa kasuwa, da duk riƙon da za a yi alhali mutane suna neman abinci ba su samu, shi ne ɓoyon da aka hana, kuma hukuma tana da ikon tilasta wa mai shi ya fitar ya sayar a kan farashin kasuwa.

Mun ga wannan da idonmu. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abinci ya yi tsadar da ba a saba gani ba, har a watan Fabrairu na 2024 hukumar karɓar koke-koke ta Jihar Kano ta rufe waɗansu manyan sito-sito a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ganin ribar da aka samu a wannan shekara, sai mutane da yawa suka zuba duk abin da suka mallaka, har da na rance, cikin sayen hatsi. A 2025 farashi ya sauko, waɗansu suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Darasin ɗan kasuwa a nan shi ne kada ya zuba jarinsa duka a rami ɗaya, kada ya ci bashi don ya yi ajiya, kuma ya yanke wa kansa ribar da in ta samu zai saki kaya. Darasin mumini kuwa shi ne ya binciki zuciyarsa: in ya ji labarin fari ko ambaliya ya ji sanyi a ransa saboda abin da ke cikin sitonsa, to, lalle ciniki ya fara cin addininsa.

Har wa yau shari'a ta hana tare manoma a kan hanya a saye kayansu tun ba su isa kasuwa sun ji farashi ba, ta kuma hana dillali ya sa abokinsa ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba. La'adar dillali halal ce in an san ta. Abin da ya ɓoye tsakanin mai kaya da mai saye ba nasa ba ne.

GA MA'AIKACIN GWAMNATI

Babu laifi ga ma'aikaci ya yi noma ko ya juya ɗan abin hannunsa gwargwadon yadda dokar aikinsa ta yarda, domin albashi a yau ba ya kai wata. Amma sa'o'in ofis an riga an saye su da dukiyar jama'a. Malamin makaranta ko na asibiti da ya bar wurin aikinsa ranar kasuwa ya tafi awo, ya tauye mudu kamar yadda mai bubbugaggen kwano ya tauye. Takin da aka ba shi ya raba wa manoma, in ya karkatar da shi ya koma yana ba su bashi da shi, ya haɗa cin amana da zalunci. Buhun da ɗan kwangila ya aiko masa gida da sunan alheri kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya komo ya ware wani kashi ya ce kyauta aka yi masa; Manzon Allah ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna da ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa.

In ma'aikaci ba shi da lokaci, shari'a ta buɗe masa ƙofar ƙirali: ya ba amintaccen ɗan kasuwa jari, su yanka rabon riba, rabi da rabi ko sulusi, tun farko. In an yi hasara ba da sakaci ba, mai kuɗi ya yi hasarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi hasarar wahalarsa. Amma ya ce, "Ga dubu ɗari, ka riƙa ba ni dubu goma duk wata, uwar kuɗina kuma tana nan," wannan kuɗin ruwa ne ko da an sake masa suna.

Mai kujera ya tuna kayan aro ba ya rufe katara. Mutanen Rano sun fi kowa sanin haka: an ɗaga darajar masarautarsu a 1981, aka mai da ita a 1983, aka sake ɗaga ta a 2019, aka rushe a 2024, sa'an nan a cikin shekarar aka maido ta da daraja ta biyu, tana ɗauke da Rano da Kibiya da Bunkure. In sarauta mai tarihin ɗaruruwan shekaru tana ganin irin wannan juyi, ina ga kujerar akawu ko ta darakta?

HAƘƘIN ALLAH A CIKIN BUHU

Ba a gama lissafin kaka ba sai an fid da zakka. Nisabin hatsi wusuƙi 5 ne, watau sa'i 300 na Annabi. Abin da ruwan sama ya shayar, a fid da ɗaya bisa goma. Abin da aka shayar da inji ko jigo, ɗaya bisa ashirin. Ga masu noma a bakin hanyoyin ruwan Tiga, abin da ke cikin Muhtasar na Shaihu Halil shi ne, ruwan da ya gangaro da kansa ɗaya bisa goma ne ko da an biya kuɗinsa. Ba a haɗa gero da dawa da shinkafa don cika nisabi, kowanne da lissafinsa, kuma bashi ba ya kayar da zakkar hatsi. Tumatir da albasa babu zakka a kansu, sai a kuɗinsu in ya kai nisabi ya shekara. Ɗan kasuwa mai juya kaya kullum ya ƙimanta hajarsa sau ɗaya a shekara ya fid da kashi biyu da rabi cikin ɗari; mai ajiya yana jiran kasuwa kuwa sai ranar da ya sayar. In da a ce zakkar Rano da Kibiya tana fita yadda ya kamata, ta isa hannun mabuƙatan ƙauyen da aka noma ta, da yawa daga cikin masu cin bashin kaka da ba su ci ba.

Daga ƙarshe, ya 'yan'uwa, sa'ad da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi hijira zuwa Madina ba shi da kome, ɗan'uwansa na Ansaru ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Ya yi arziki mai yawa, ya ciyar da shi saboda Allah, yana kuma cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Neman dukiya ibada ne ga wanda ya yi niyyar kare mutuncinsa, da ciyar da iyalinsa, da taimakon maƙwabcinsa. Kowa ya ware dare ɗaya kafin kakar bana ya zauna da littafinsa: ya duba kwanonsa, ya duba waɗanda ya ke bi da waɗanda ke bin sa, ya soke duk ƙarin da ya ɗora wa wani, ya rubuta abin da ba a rubuta ba, abin da ya shige masa duhu kuma ya kai wa malamin garinsu. Za a tambayi kowane bawa dukiyarsa ta fuska biyu, inda ya samo ta da inda ya kashe ta, kuma gara mutum ya shirya amsar tun yana da ikon gyarawa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya wadatar da mu da halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.